Ido Na Ciwo: Me Za Ka Sha, Me Za Ka Ɗiga, Ina Za Ka Dosa Da Safe

Ƙanena, ƙanwata, in ido ya kama ciwo da dare a Ɗan Issa, abu uku ne kusa da hannu: mai teburin magani a bakin titi, ragowar kwalbar da maƙwabciya ta ɗiga wa ɗanta bara, da shawarar duk wanda ya shigo sannu. Likitan ido kuwa yana Maraɗi, kusan kilomita 40 daga nan, ko can Katsina bayan an wuce Jibiya. Abin da aka yi wa ido tsakanin daren nan da isa gaban likita shi ne yakan raba wanda zai warke sarai da wanda zai tashi da hakiya.

Riƙe wannan tun yanzu: raɗaɗi ta baki ake kwantar da shi. Abin da zai shiga cikin ido kuwa, sai wanda ya duba idon ya faɗa. Ga yadda za ka bi.

1. Kafin kowane magani, gwada ganinka.

Rufe idon da ke lafiya da tafin hannu, kar ka danna. Dubi kalandar bango ko rubutun wayarka da mai ciwon. Sa wani ya tsaya taku uku daga gare ka ya ɗaga yatsu, ka ƙirga. Sannan ka sauya ido ka kwatanta.

In gani bai ragu ba, da sauƙi. In ya ragu, ko da ciwon kaɗan ne, maganar ta wuce gida.

Sai ka tantance irin ciwon, domin shi ne tambayar farko da za a yi maka. Ƙaiƙayi ne? Ji kake kamar yashi na yawo in ka ƙyafta? Zugi ne daga can ciki, har goshi da gefen kai? Haske ne ba ka iya kallo? Ido ɗaya ne ko duka biyu? Yaushe ya fara, kana aikin me?

2. Waɗannan ba sa jiran gari ya waye.

In da abin hawa, kuma hanya ta biyu, tashi yanzu. In babu, ka zama na farko a tasha da asuba.

Gani ya dushe farat ɗaya. Zugi mai tsanani da ciwon kai da amai, ga bakan gizo kewaye da fitila, ido ya yi ja ya yi tauri. Wani farin tabo ya fito a kan baƙin ido. Jini ko mugunya sun kwanta a ƙasan baƙin ido. Ƙarfe, ƙaya, kara ko tsinin dutse ya soki ido. Fatar ido ta kumbura suntum ga zazzaɓi. Jariri da bai cika wata ba yana zubar da mugunya a ido. Ido da aka yi wa aiki kwanan nan ya koma ciwo.

Wancan mai amai da bakan gizo ina so ka lura da shi sosai, saboda sau da yawa ana ɗaukarsa zazzaɓin cizon sauro ne ko hawan jini, a yi ta ƙarin ruwa. Hawan jinin ido ne mai zuwa gaba ɗaya. Ruwan da ke cikin ido ya rasa mafita, ya matse jijiyar gani, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu yana iya kashe ta. Ka gaya wa ma'aikacin asibiti da bakinka cewa daga ido ciwon ya faro.

3. In wani sinadari ya faɗa ido, ruwa kawai, yanzu.

Siminti, farar ƙasa, ruwan batir, sodar haɗa sabulu, maganin feshin gona, ko farin ruwan tumfafiya. Nan ba a neman mota tukuna, ba a neman magani. Karkata kai gefen idon da abin ya shiga, wani ya buɗe maka fatar da yatsu, a yi ta tsiyaya ruwa mai tsabta ba ƙaƙƙautawa, minti 20 zuwa 30 a agogo. Buta ta isa. Ruwan leda ma ya yi, a huda a yi ta matsawa ɗaya bayan ɗaya. Ka riƙa juya ƙwayar idon sama da ƙasa don ruwa ya shiga ko'ina.

Kar a zuba madara, mai ko lemun tsami wai don su karya dafin. Bayan wankin sai asibiti, kuma ka tafi da kwalbar ko ledar abin da ya shiga idon. Siminti da soda sun fi ruwan batir ɓarna, don suna ci gaba da cin ido bayan zafin ya lafa.

Idon da aka soka kuwa ba a wanke shi, ba a matsa masa mai, ba a zare abin da ya maƙale. Yanke gindin kofin roba mai tsabta, kifa shi a kan idon yadda ba zai taɓa ƙwayar ba, ka liƙe da filasta. Kar ka ci abinci a hanya, don mai yiwuwa a yi maka aiki da isarka.

4. Maganin raɗaɗi: farasitamol ne na farko.

Babba mai cikakken jiki zai sha ƙwaya biyu masu miligiram 500, wato giram 1, bayan kowace awa 6. Kar a wuce ƙwaya 8 cikin awa 24. In kai siriri ne ƙwarai, ko tsoho, ko kana da ciwon hanta, tsaya a ƙwaya ɗaya har sai ka tambayi ma'aikacin lafiya. Duba kuma maganin murar da kake sha, yawancinsu da farasitamol a ciki, kar ka ninka ba ka sani ba.

Yaro da nauyinsa ake auna masa: miligiram 15 ga kowane kilo, bayan awa 6. Kar a ba yaro asfirin.

In farasitamol bai isa ba, babba zai iya ƙara ibufurofen miligiram 400 bayan kowace awa 8, a kan abinci. Amma ka bar shi in kana da gyambon ciki, ciwon ƙoda ko asma. Mai juna biyu ma ta bar shi. Haka in bugu ne ya sami idon: ibufurofen, dikulofenak da asfirin suna iya ƙara zubar jini a cikin ido, saboda haka a nan farasitamol kaɗai.

Taramol kuwa ban yarda ba, ko ƙwaya ɗaya. Mun ga abin da ya yi wa samarinmu a tasha da kan babur. A ciwon ido kuma yana da wata illa ta daban: zai sa ka ji garau, ka koma aiki, ka yi kwana uku ba ka je ko'ina ba, gyambo na ta faɗi.

Kuma ko ciwon ya kwanta bayan ka sha magani, tafiyar gobe tana nan. Farasitamol barci ya sama maka, bai taɓa cutar ba.

5. Abubuwa huɗu da ba sa cin ko dala.

Tsumma mai tsabta, a jiƙa da ruwan randa mai sanyi, a ɗora kan ido a rufe minti 10. Ɗaki mai duhu, ko baƙin tabarau in za ka fita. Hannu ya bar ido, komai ƙaiƙayi. Kuma kar a ɗaure ido mai kwantsa da ƙyalle, ɗumin da ke ƙarƙashi shi ƙwayoyin cuta ke so.

Hazbiya kuwa ɗumi take so: tsumma mai ɗumi minti 10, sau uku ko huɗu a yini, kuma ba a matse ta.

6. Karanta jikin kwalin. In da kortizon, ajiye.

Nan zan daɗe, don nan ne idanu suka fi salwanta.

Akwai ɗigon da in ka saya a tebur ko kemis, ka ɗiga da dare, da safe ja ya tafi, ƙaiƙayi ya tsaya, ido ya yi fari tas. Shi ne wanda ake yabo, shi ne ake aika yaro ya sake sayowa. Dangin kortizon ne a ciki. A jikin kwali za ka ga an rubuta dexaméthasone, bétaméthasone, prednisolone ko hydrocortisone, sau da yawa a haɗe da maganin ƙwayoyin cuta. Chibro-Cadron, Frakidex, Maxidrol, Tobradex, da Betnesol-N da Maxitrol masu shigowa ta Najeriya, duk da shi a cikinsu. In ba ka karanta boko, ba ɗalibin gidanku ya duba maka waɗannan sunaye kafin a buɗe murfin.

Ba jabu ba ne, kuma ba mugun magani ba ne. A hannun likitan ido yana ceton gani kullum, musamman a kumburin cikin ido da bayan aikin yana. Matsalar ita ce aikinsa danne kumburi, tare da danne garkuwar da ido ke kare kansa da ita. In akwai gyambo a baƙin ido, musamman na bairos ko na ƙwayar cuta irin ta fumfuna, ɗiga kortizon tamkar rufe garwashi ne da toka: daga sama ba hayaƙi, a ƙasa wuta na ci. Ka ji sauƙi kwana uku, a na bakwai ido ya huje.

Ko babu gyambo, yawan ɗiga shi na tayar da matsin ruwan ido. Kusan mutum ɗaya cikin uku matsin idonsa na hawa bayan makonni 4 zuwa 6 yana ɗigawa kullum, yara kuma sun fi saurin kamuwa. Wannan hawan ba ya ciwo. Gani ne ke tafiya daga gefe a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Yana kuma kawo yanar ido tun mutum na da ƙuruciya.

Da ido tsirara, ko fitilar waya, ba a bambance jan ido mai son kortizon da wanda kortizon zai hallaka. Sai an sa rini an haska da na'ura. Mai tebur ba shi da ko ɗaya cikin biyun, komai kyan niyyarsa.

In ka riga ka yi makonni kana ɗigawa, kar ka yanke da kanka dare ɗaya. Ɗauki kwalbar ka kai wa ma'aikacin ido, a auna matsin idonka, shi zai tsara maka yadda za ka rage har ka daina.

7. Ɗigon da ke kashe zafi nan take na asibiti ne, ba na gida ba.

Kai mai walda, da kai nake. Ka yini kana aiki, ko kana riƙe wa maigidanka ƙarfe ba gilashi, ka kwanta lafiya, tsakar dare ka farka idanu biyu na zuba kamar an watsa barkono. Hasken walda ne ya ƙona fatar baƙin ido, kuma yakan ɗauki awa 6 zuwa 12 kafin ya nuna.

A asibiti za a ɗiga maka wani abu, cikin daƙiƙoƙi zafi ya ɗauke. Sunansa a kwalba tétracaïne, oxybuprocaïne ko proparacaïne. Za ka so a ba ka kwalbar ka tafi da ita. In an hana ka, gata aka yi maka. Aikinsa minti 15 zuwa 20 ne, don a samu a buɗe ido a duba. In aka yi ta maimaita shi, yana hana raunin haɗewa, yana narkar da fatar baƙin ido, kuma idon da ba ya ji ba ya ƙyaftawa in ƙura ta shiga, ba ya sanin ana murza shi. Haka ruwan allurar kashe zafi da wasu ke zuƙowa a sirinji su ɗiga a ido. Kar ka yarda.

Ƙunar walda da kanta take warkewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Farasitamol, tsumma mai sanyi, ɗaki mai duhu, da man ido in ma'aikacin lafiya ya rubuta. In ta wuce kwana biyu, ko ido ɗaya ne kawai ke sukar ka, ka zargi ɓarɓashin ƙarfe. Wannan a asibiti ake cire shi, ba da tsinken ashana ko harshe ba, kuma in ya kwana yakan bar tsatsa. Haka masu wasa ƙarfe, masu fasa dutse da masu haƙar zinariya. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare hasken walda, gilashin walda na ainihi za ka saya, har da na yaron shagonka.

8. Afolo ba ya son tarin magani.

In jan ido ya zagaye gida, ga hawaye, ga jin yashi, gani kuma lafiya lau, yawanci bairos ne, kuma cikin mako ɗaya zuwa biyu yake wucewa. Maganin ƙwayoyin cuta irin su man tetarasikilin, jentamisin ko kuloramfenikol ba sa kashe bairos, ba kuma maganin zafi ba ne. Ma'aikacin lafiya na ba da su in kwantsa ta yi kauri ta liƙe ido, ko in akwai rauni.

Abin da ke sanyaya shi: tsumma mai sanyi, da ɗigon hawayen roba daga farmasi, wanda ba komai a cikinsa sai laushi. Shi ne kuma abokin mai babur da ɗan kasuwa a hunturu, in ƙura da bushewar iska sun sa ido raɗaɗi.

Kowa da tawul ɗinsa da matashinsa. A wanke hannu da sabulu. A ajiye kwalli har a warke, kuma a jefar da tsinken da aka yi amfani da shi lokacin ciwon.

9. Abin da ba ya shiga ido, ko wa ya faɗa.

Fitsari, nonon uwa, ruwan sukari, ruwan gishirin da aka haɗa a gida, ruwan albasa, ruwan ganye, toka, fetur, man zafi. Na san masu ba da shawarar nan ƙauna ce ke sa su, yawanci ma iyayenmu ne. Ka yi musu godiya, ka ce likita ya hana. Fitsari kaɗai na iya kai ƙwayar ciwon sanyi cikin ido, wadda ke huda baƙin ido cikin kwana biyu.

10. Lokacin kaka, ka ninka hankali.

Ganyen dawa ya shafi ido, kara ya tsokane shi, ƙaiƙayi ya faɗa a wurin sussuka ko shiƙa. Ana ganin ƙaramin abu ne. Amma abin da ya fito daga gona yana ɗauke da ƙwayar fumfuna, kuma gyambonta a hankali yake tasowa. Kwana biyu ko uku bayan raunin sai ido ya ƙara ja, haske ya gagara, ɗan farin tabo ya bayyana.

Wanke da ruwa mai tsabta a gonar. Je cibiyar lafiya, wato CSI, a ranar, a duba, a sa man ido. In washegari ciwon bai ragu ba, wuce Maraɗi, ka faɗa musu cewa kara ne ko ƙaiƙayi. Wannan bayanin shi ke sa a nemo maganin fumfuna, don maganin bakteriya ba ya taɓa ta. Kar ka ce sai an gama ɗaure damma.

11. Ke kuma uwar yara, ga naki.

Yaro ba ya cewa ganina ya ragu. Runtse ido yake, ya ɓuya daga haske, ya yi ta kuka. In ya ƙi buɗe ido ɗaya, ki kai shi a ranar.

In ƙyanda ta kama shi kuma ya rufe idanu, kar ki bar shi a ɗaki sai ƙuraje sun gama fita. Ƙyanda na cinye sinadarin bitamin A a jiki, baƙin ido ya bushe ya narke. A CSI ana ba da ƙwayar bitamin A, shuɗiya ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga wanda ya cika shekara, kwana biyu a jere. Ki tambaya in ba a ba ku ba. Haka yaron da ke dundumi da magariba.

Jaririn da idonsa ya kumbura yana mugunya allura yake buƙata, ba ɗigo kaɗai ba, kuma ke da mahaifinsa ma za a duba ku. Tun 2006 ƙa'idar Nijar ta ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a asibitin gwamnati. Wani lokaci maganin kan yanke a ce ki saya, amma kar rashin kuɗi a hannu ya hana ki zuwa a duba.

Sai yaron nan mai murzar ido shekara da shekaru, farin idonsa ya koma ruwan ƙasa. Borin jini ne na ido, ya yi yawa a ƙasashenmu masu zafi da ƙura, kuma yawanci yana lafawa in yaro ya balaga. Waɗannan yaran su ne aka fi cutarwa da kortizon, don yana musu aiki nan take, uwa kuma ta yi ta saye. Akwai ɗigon da aka yi don a daɗe ana sawa ba tare da wannan haɗari ba, irin su cromoglicate da olopatadine. Ba sa nuna aiki da sauri, cromoglicate kan ɗauki mako biyu ko fiye, ki yi haƙuri da shi. Ki riƙa wanke masa fuska da ruwan sanyi in ya dawo daga wasa.

12. Gobe da safe.

Fara da CSI na Ɗan Issa in ciwon mai sauƙi ne, ko don karɓar takardar turawa. Daga nan akwai asibitin gunduma a Madarunfa. Amma in kana da ɗaya daga alamomin mataki na 2, ka nemi a tura ka kai tsaye inda ke da sashen ido: babban asibitin jiha a Maraɗi, ko asibitin ido na Makka da gidauniyar Al Basar ke gudanarwa a can. Masu dangi a ƙetare sukan nufi Katsina, ko asibitin ido na ECWA a Kano. Wanda ya fi kusa kuma za a gan ka yau, shi ne naka.

Zuba duk abin da ka sha ko ka ɗiga a leda ka tafi da shi, har kwalbar da ta ƙare. In ka sa na gargajiya, faɗi gaskiya, magani zai canza saboda shi. Faɗi in kana da ciwon sukari, asma, gyambon ciki, ko sikila. Ke kuma ki faɗi in kina da ciki ko kina shayarwa. Asma da sikila ba ƙananan bayanai ba ne a nan: ɗigon timolol na rage matsin ido yana iya tayar da asma, ƙwayar acétazolamide kuma ba ta dace da mai sikila ba.

Tafi da ɗan rakiya. Kar ka tuƙa babur, don ana iya buɗe maka ƙwayar ido da magani, gani ya yi hazo har yamma.

Ba lallai babban likita ne zai fara ganinka ba. A Nijar yawancin aikin ido ƙwararrun ma'aikatan jinyar ido ne ke yin sa, a Najeriya kuma za ka tarar da likitocin awon gani. Sun san aikinsu, sun kuma san lokacin da za su miƙa ka gaba. Za a sa ka karanta allo, a taɓa maka wani rini ruwan ɗorawa a haska shuɗin haske, duk inda rauni yake ya fito kore. Za a duba da na'ura, a juya fatar ido ta sama a nemi abin da ya maƙale, a auna matsi. In ka haura shekara 40, roƙi a auna matsin idanu biyun ko da ɗaya ne ke ciwo, domin hawan jinin ido da ya fi yawa a cikinmu shi ne wanda ba ya ciwo sam.

Kafin ka tashi, yi tambaya huɗu. Mene ne sunan ciwon? Sau nawa zan ɗiga, kwana nawa? Akwai kortizon a ciki? Yaushe zan dawo?

Sayi maganin a farmasi, da takardar likita a hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko mara inganci, ga kuma kwalbar da ta yini a rana a kan tire.

13. In an ba ka ɗigon atirofin, kar ka tsorata.

Zugi mai zurfi da ƙin haske sau da yawa daga wata tsoka ce a cikin ido da ta ɗaure. Atirofin da danginsa suna sake ta, ciwo ya faɗi. Amma ƙwayar ido za ta buɗe, karatu ya gagara, rana ta dame ka, kuma hakan na iya kai mako ɗaya zuwa biyu bayan ka daina. Ba makanta ba ce.

Ɓoye kwalbar inda yaro ba zai kai ba, guba ce in ya sha. Kar kuma ka ara wa kowa. A idon da mafitar ruwansa ƙunci gare ta, ɗigo ɗaya na iya tayar da wancan hawan jinin ido mai amai.

14. Yadda ake ɗigawa.

Wanke hannu da sabulu. Ɗaga kai, ja fatar ƙasa da yatsa ta yi ɗan aljihu, saki ɗigo ɗaya a ciki. Ɗaya ya isa, na biyu a kunci yake ƙarewa. Kar bakin kwalba ya taɓa ido ko gashinsa. Lumshe ido, danna lungun da ke jikin hanci da yatsa minti ɗaya zuwa biyu.

In magani biyu ne, bar minti 5 a tsakani. Ɗigo ne farko, mai daga baya. In an ce kowace awa, to kowace awa ne, har da dare, sa ƙararrawar waya. Haka ake yaƙar gyambo.

Rubuta ranar da ka buɗe a jikin kwalin. Bayan mako 4 a jefar, ko da saura. Zafin watan Afrilu da Mayu na lalata magani, saboda haka kar ka bar shi a aljihu ko cikin akwatin babur. Sa shi a leda ka ajiye a gindin randa, wanda aka ce na firji ne kuma ka nemi maƙwabci mai firji.

In azumi ne, malamai sun yi saɓani kan ɗigon da ɗanɗanonsa ya kai maƙogwaro. Danne lungun nan na hanci yana rage saukarsa ƙwarai. Tambayi malaminka hukunci, tambayi likita ko za a iya mayar da sa'o'in zuwa sahur da bayan shan ruwa. Mai gyambo a ido ko hawan jinin ido mara lafiya ne, kar ya tsallake magani da kansa.

15. Ciwo biyu da ɗigo ba ya warkarwa.

In gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwaya, kamar yadda muke gani ga iyayenmu mata da amodari ya daɗe a idonsu, ba kwalbar da za ta raba su da wannan azaba. Tsige gashin sauƙin kwanaki ne, ya sake tsirowa da kaifi. Ƙaramin aiki ake yi a fatar ido, bai kai rabin awa ba, a koma gida a ranar. Shirin kula da lafiyar ido na ƙasa, tare da Cibiyar Carter, sun daɗe suna yin sa kyauta a jihar Maraɗi. Tambayi shugaban CSI inda mai aikin yake da ranar da za a same shi, ka kai tsohuwa da kanka.

Na biyu, nauyin ido da ciwon goshi bayan karatun Alƙur'ani, ɗinki ko kallon waya, musamman daga shekara 40. Wannan awo yake so da tabarau daidai idonka, ba na aro ba.

16. Koma ranar da aka ce.

Ƙaramin karce a baƙin ido yakan haɗe cikin kwana ɗaya zuwa uku. Gyambo kuwa likita zai so ya sake ganinsa bayan kwana ɗaya ko biyu, don ya ga ko maganin ya kama. In kuɗin mota sau biyu zai yi maka nauyi, nemi wurin kwana a Maraɗi wajen dangi tun zuwan farko.

Kowace safiya maimaita gwajin mataki na 1, a wuri ɗaya, da kalanda ɗaya. In ciwo ya ƙaru, gani ya ragu, ko farin tabon ya faɗaɗa, kar ka jira ranar da aka rubuta maka, koma a ranar da ledar magungunanka a hannu.